Allon da Ba Ya Naɗuwa

A zamanin da na koyi sana'ar rubuta allo, rubutawa aiki ne daban, ɗagawa kuma aiki ne daban. Mutum zai zo ya faɗi abin da yake so, in auna yadi, in ja layi da alli, in cika da fenti, in shanya a bayan shago. Idan ya bushe sai in naɗe shi in tura ƙarƙashin tebur. Nan zai zauna har mai shi ya dawo ya ce lokaci ya yi, sannan a nemo tsani da igiya. Tsakanin bushewar fenti da hawan tsani akwai kwana, wani sa'in mako, kuma a cikin wannan tazarar ake ɗage biki, ake sauya ranar taro, ake shirya waɗanda suka ɓata. Yanzu allon yana cikin waya, a saman shafin intanet, tazarar kuwa ba ta kai faɗin yatsa ba. Ina rubuta wannan babi ne domin ku, 'ya'yana da jikokina, saboda da yaran ɗana Nasiru suka zo hutu daga Yamai, babbar ta tambaye ni ko gaskiya ne na kori babanta daga shago don ya fi ni iya aiki. Ya fi ni iya wani aikin, wannan gaskiya ne. Amma ban kore shi ba. Ga yadda abin ya kasance.

Kafin in dawo Matameye in zauna, na yi yawo da buroshi a aljihu. A Kano na fara, ina zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. A Kwatano da Abijan na zana kawunan mutane a allunan masu aski, can na gyara Faransancina, na tsinci Yarbanci a bakin maƙwabta. A Tarabulus na koyi ja wa harafin Larabci wutsiya yadda suke so. Kowane gari da irin allonsa. Mutanen Abijan suna son allo ya yi dariya, na Tarabulus suna son ya yi girma, na Kano suna son ya yi wa'azi. A Jidda kuwa, shekarar da na sauke farali, na tsaya a gaban wani kanti ina kallon allon wuta inda buta take karkacewa tana zuba shayi a kofi, ta miƙe, ta sake zubawa. Na daɗe a tsaye har abokan tafiyata suka bar ni. Na faɗi wannan ne don ku san cewa ni ba mai ƙin allo mai motsi ba ne. Tun kafin a haifi Nasiru nake sha'awarsa.

Shagon namu kun san shi, kusa da tasha. Nasiru, ɗan farina, ya yi karatun na'ura a Damagaram ya dawo da ordinatar, wadda mutanen Kano suke kira kwamfuta. Ƙanwarsa Rabi ba ta je ko'ina ba, a gabana ta koyi jan layi, a wurin yayanta kuma ta koyi danna na'urar. Da farko katin biki da na suna muke bugawa. Daga baya sai ga wani sabon aiki. Mazan garinmu da suke tafiya cirani bayan an gama girbi, zuwa Kano da Kaduna da Legas, suna da ƙungiya, ƙungiyar kuma ta buɗe shafi a intanet inda ake sa labarin gida: ko ruwa ya sauka, yadda gero yake a kasuwa, ranar da mota za ta tashi. A saman shafin akwai wani dogon fili siriri, kamar yadin da muke ɗaurawa tsakanin itace biyu. Sakataren ƙungiyar, wanda yake zaune a Kano, ya ce mu riƙa yi musu abin da za a sa a wurin. Mu dai allo muka ci gaba da kiransa. Ba a daɗe ba masu sayar da waya da masu rake da masu magani suka fara neman irinsa.

A nan maganar lojisiyel ta taso, wato kayan aikin da ake zane da shi a cikin na'ura, wanda a Najeriya suke ce wa manhaja. Guda biyu ne a gabanmu. Wanda Rabi ta saba da shi yana zaune a cikin na'urar, bai damu da ko akwai rezo, wato layin intanet, ko babu ba. Kamar akwatin kafinta yake, kayan aiki ne jibge, sai ka sha wuya kafin ka san na ɗauka. Allo tsayayye yake yi mai kyau ƙwarai, amma idan kana son motsi sai ka jera hotuna ɗaya bayan ɗaya da hannunka, kuma motsin yana fita yana ɗingishi. Idan an gama, hoto ne yake ba ka, ka aika wa sakatare, shi ya ɗora da kansa. Wanda Nasiru ya kawo kuwa ba ya cikin na'urarmu sam, a can intanet yake, sai da rezo ake shigarsa, kuma wata-wata ake biya. Amma an riga an yi maka rabin aikin. Ka zaɓi tsari, ka sa rubutunka, sai haruffa su taho suna zamewa, hoto ya yi juyi, taurari su watsu. Allo ɗaya ka danna ya zama dogo, ka danna ya zama mai kusurwa huɗu daidai fuskar waya. Da na so a riƙe duka biyun, sai muka ga aikin wannan ba ya buɗuwa a wancan. Mai rake zai zo ya ce a sauya masa lambar waya, a tarar Nasiru ne ya yi allon kuma ba ya nan, ko Rabi ce ta yi kuma ta shiga gida. Dole shago ya tsaya a kan ɗaya, kuma ni ne mai shago.

Na gwada su yadda nake gwada fenti. Na sa kowannensu ya yi allon mai rake ɗaya na Dungu, na karɓi tsohuwar wayar mai shayin da ke gefenmu, wadda gilashinta ya tsage, na fita rana na miƙa hannu ina kallo daga nesa.

"Baba, ba bango ba ne," in ji Nasiru. "Ba wanda yake kallon waya daga tsallaken titi."

"Idon tsoho ai tsallaken titi ne," na ce masa.

"Na Yaya sai ya gama rawa kafin ka ga lambar waya," in ji Rabi. "Mai son rake ya riga ya sayi mangwaro."

"Naki kuma kamar sanarwar haraji. Ko ɓarawo ba zai tsaya ya karanta ba."

Mai shayi ya leƙo ya kalli duka biyun. Na Rabi ya buɗe nan take, na Nasiru ya ɗan yi nauyi. Amma da raken ya fara lilo, ganyensa yana kaɗawa, sai mai shayin ya yi dariya ya kira wani direba ya zo ya gani. Ba wanda ya kira kowa don na Rabi. Na tuna butar Jidda. Na ce za mu bi na Nasiru. Rabi ba ta yi gardama ba, ta ce to, ta zauna ta koya, kuma cikin ɗan lokaci hannunta ya faɗa.

Ranin nan ya yi mana kyau. Aiki ya riƙa zuwa har daga Damagaram da Magarya. Nasiru ya yi wani abu da ya ba shi alfahari: ya haɗa allon ƙungiyar 'yan cirani da shafinsu kai tsaye, yadda ba sai an aika wa sakatare komai ba. Idan direba ya ce ya ɗage tafiya daga Talata zuwa Laraba, Nasiru zai gyara a shago, mutumin da ke Legas ya gani a lokacin. Allon da ya fi daɗewa a wurin shi ne na motar gida: hoton mota yana shigowa yana juyi, ya tsaya, taurari masu ruwan zinariya su zubo a kansa, sannan ya sake. Ni na ga wannan haɗin, na yaba, amma ban tambayi yadda yake aiki ba. Rabi ta san gyaran yayanta yana fita a shafi, sai dai ta ɗauka akwai wani wuri da yake dannawa bayan ya gama, kamar yadda muke ɗauko tsani. Nasiru kuma bai faɗa mata babu ba, domin a wurinsa abin a fili yake.

Wata safiya gab da faɗuwar damina Malam Idi ya zo daga Dungu a kan babur. Ƙanen Malam Garba ne, mai lambun rake, wanda na sani tun muna samari. Ya gaya mini Malam Garba ya rasu da asuba, an riga an kai shi. Na yi masa ta'aziyya, muka yi addu'a. Sannan ya rage murya.

"Ɗansa Haruna yana Legas," ya ce. "Mun kira shi mun ce jikin tsoho ya yi zafi, ya kamo hanya. Duk wanda ya sani mun roƙe shi ya kama bakinsa. Ni zan tare shi a kan iyaka in gaya masa da bakina."

Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku san wannan ba. A wurinmu ba a gaya wa matafiyi mutuwar uba ko uwa yana nesa. Ana ce masa jiki ya tsananta. Sau da yawa shi ma ya gane, amma yana riƙe da wannan ɗan shakkun kamar sanda har ya iso inda akwai wanda zai dafa kafaɗarsa. Na ga ana yin kusan haka a Tarabulus, a Abijan kuwa na ga ana faɗa kai tsaye a yi kukan a tasha. Ban ce wani ya fi wani ba. Namu dai ke nan, kuma gari guda yakan haɗa baki a kansa, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Malam Idi yana son sanarwar sadakar uku a shafin ƙungiya, domin 'yan cirani da yawa sun ci arziƙin lambun marigayin. Ya miƙo hotonsa a waya. Ya ce a shirya a ajiye, sai Haruna ya iso zai aiko a ɗora. Wannan ba sabon abu ba ne a shagonmu, na yi irinsa da yadi ba iyaka. Nasiru ya tafi Kance kafa wani allon ƙarfe. Na ce wa Rabi ta shirya, kada ta aika wa kowa. Ta buɗe allon ƙungiyar, tunda girmansa ya riga ya yi daidai da filin shafin. Ta cire hoton mota ta sa na Malam Garba, ta goge ranar tafiya ta rubuta sunansa da ranar sadaka da addu'a. A wurin da ake aiki komai tsaye yake, ba ya motsi sai an ce ya yi, don haka abin da ta gani allo ne natsattse, baƙi da fari. Na duba na ce ya yi. Ta rufe na'urar ta shiga gida ɗora tukunya. Haka ta saba yi da tsohon lojisiyel, inda ba abin da yake fita daga na'ura sai ka fitar da shi. Wannan kuwa ba a ma ce masa ya ajiye, da kansa yake yi, kuma abin da ya ajiye shi ne abin da duniya take gani.

Bayan azahar sakataren ƙungiya ya kira ni daga Kano.

"Alhaji, me kuka ɗora mana?"

"Ba mu ɗora komai ba."

"To buɗe ka gani. Tun hantsi ake kirana, ni kuma ina kasuwa ban duba ba."

Na buɗe a wayata. Ga Malam Garba da rawaninsa ya shigo daga gefe yana juyi, ƙafa sama kai ƙasa, ya tsaya, taurari suka zubo masa, ga addu'ar mamaci tana zamewa a ƙarƙashi. Sai ya ɓace, ya sake shigowa. Hoton ya gaji duk rawar motar da aka cire. Na kira Nasiru, daga can Kance ya sauke shi da wayarsa kafin in gama bayani. Amma mutane sun riga sun ɗauka sun tura wa juna, wasu don jimami, wasu don mamaki. Haruna yana cikin mota, ba su ma kai Kaduna ba, ya buɗe shafin don ya duba ko zai samu motar gida daga Kano. A tsakiyar baƙi ya gani, a kujerar da ba zai iya tashi daga kanta ba.

Washegari na je Dungu da Nasiru muka yi gaisuwa. Malam Idi ya karɓe mu da mutunci, ya ce ƙaddara ce. Haruna ya miƙo hannu bai ɗago ba. Bayan an yi sadakar uku sai ya zo shago da hantsi, shi kaɗai. Mutum ne mai sanyin magana, a Legas ɗinki yake yi. Rabi da ta hango shi ta tashi za ta shige, ya ce ta zauna, ba faɗa ya kawo shi ba.

"Baba Alhaji, tun da Baffa ya kira ni na san abin da ke nan," ya ce. "Ai ba yau aka fara ba. Ni ma na taɓa kiran wani na ce masa jiki ya yi zafi. Ba mutuwar ba ce. Juyin ne. Na kashe wayar na kunna, yana nan yana juyawa. Wanda ke kusa da ni a mota ya leƙo ya ce, wannan tallar me ce?"

Sai ya juya ya dubi na'urar.

"Na zo ne a ba ni allon," ya ce.

"An goge," in ji Nasiru. "Wallahi tun ranar na goge."

"Jiya wani ya turo mini daga Legas, yana yi mini gaisuwa da shi."

"Wannan kwafi ne da mutane suka ɗauka. Ba ya hannunmu."

"To na hannunku fa? Na asalin. Ku ba ni in tafi da shi."

Nasiru ya fara yi masa bayanin cewa babu na asali, abin ba a cikin na'urarmu yake ba, yana can wata ƙasa a cikin na'urorin da ba mu taɓa gani ba. Haruna ya saurara har ya gama. Sannan ya dubi ƙarƙashin teburina, inda tsofaffin yadudduka suke a naɗe, ya daɗe yana kallo. Da a ce yadi ne, da na ciro na miƙa masa, ya kai gida ya ƙona, ya zuba ƙasa a kan tokar, magana ta ƙare. A duk shekarun da na yi ina sana'a, ban taɓa yin aikin da mai shi ya zo karɓa na rasa abin miƙa masa ba sai ranar. Ya yi mana sallama ya tafi.

Da la'asar muka zauna a tsakar gida, ni da su biyun da mahaifiyarsu Hajiya Zuwaira. Rabi ta riga ta yi kwanaki ba ta taɓa na'urar ba. Nasiru ne ya fara magana, kuma ina so 'ya'yansa su sani cewa duk abin da ya faɗa daidai ne. Ya ce laifin ba na lojisiyel ba ne, haɗin da ya yi da shafin ne, kuma ya riga ya tsinke shi. Ya ce daga yanzu kowane allo sai an fitar da shi a hoto an aika, kamar da. Ya ce wanda ya yanke da wuƙa ba ya komawa yanka nama da haƙori. Ya ce masu aikin Damagaram motsi suke so, idan muka koma tsohon za su tafi, kuma ba za su dawo ba.

"Ni dai ba zan sake buɗe abin da ban san inda ƙofarsa ta baya take ba," in ji Rabi.

"Na rufe ƙofar, Rabi."

"Ka rufe wadda ka sani, Yaya. Gobe su sauya shi daga can, mu tashi mu tarar da sabuwa. Ko ba su sauya wurin launi ba watan jiya, muka wuni muna nema?"

Hajiya ba ta kiran sunan ɗan farinta, kuma ba ta cika sa baki a maganar shago ba. Tana tsince shinkafa a faifai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Yaron nan yana da gaskiya. Amma jiya a gidan suna mata suka yi shiru da na shiga. Wata ta ce wa 'yarta kada ta kai hoton mijinta shagon masu juya mutane."

Ba a ranar na yanke ba. Na yi kwanaki ina zama a bakin shago ina lura da masu wucewa. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya daina gaishe ni. Sai dai wanda zai kawo sanarwar aure ya wuce, wanda zai kawo ta suna ya wuce. Abin da muke sayarwa a garin nan tun farko ba fenti ba ne, ba kuma zane ba. Mutane suna kawo mana labarinsu tun bai fita ba, su bar shi a ƙarƙashin teburinmu su tafi gida su yi barci. Idan na ce musu an tsinke wani haɗi, ba su ga haɗin ba balle su ga tsinkewarsa. Suna bukatar su ji cewa abin da ya yi wannan aikin ya bar shagon. Ni kaina, da na bincika zuciyata, na tarar ba zan iya sake ce wa mutum "je ka, yana nan a ajiye" a kan abin da ba ya cikin ɗakina ba. Na kira su na ce mun koma na Rabi. Duk allon da zai fita, sai mai shi ya gani ya ce a aika. Mai son motsi a yi masa na ɗingishin, in bai so ba ya nemi wani wuri.

Nasiru bai ɗaga murya ba.

"Baba, ka san abin da ka zaɓa?"

"Na sani."

"Ba zan iya ƙare rayuwata ina jera hotuna ɗaya bayan ɗaya ba, alhali na san ana yinsa da danna ɗaya."

"Ban ce ka iya ba."

"Kai ne fa ka ba mu labarin butar Jidda."

"Ni ne. Amma butar ba uban kowa ba ce."

Ya zauna har aka yi girbi, ya taimaka aka mayar da duk tsofaffin ayyuka cikin na'ura, ya nuna wa Rabi abin da ya rage mata. Sannan ya nemi izini ya tafi Yamai, inda wani abokin karatunsa yake da wurin aiki. Na ba shi izinin, na raka shi tasha, Hajiya ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli da yaji. Ba a yi faɗa ba, ba a yi rantsuwa ba. Masu aikin Damagaram sun bi shi kamar yadda ya faɗa. Masu aure da suna sun dawo mana sannu a hankali, kamar yadda na zata. Haruna bai sake zuwa shagon ba, amma da ya aurar da ƙanwarsa, Malam Idi ne ya kawo aikin katin, kuma na san ba da kansa ya yanke hakan ba.

Allunan da Nasiru yake yi yanzu ina ganinsu a waya, kuma suna da kyau. Akwai wani na masu sayar da madara inda ake zuba nono a ƙwarya, na kalle shi ya fi a ƙirga, ban gaya masa ba sai a wannan takarda. Idan ya zo sallah yakan zauna a kujerar Rabi ya yi mata tsiya a kan tsohon akwatin kafintanta, ita kuma ta tambaye shi ko ya juya wani a bana. Shagon nata ne yanzu, ni zama kawai nake yi.

Al'adar da na tsaya wa kuwa ba ta daɗe ba bayan haka, kuma ba shagonmu ne ya kashe ta ba. Yanzu kowa da waya a hannu, kowa mai allo ne, kafin a gama wanka ga hoton mamaci ya zaga duniya. Mutane sun gane ba za su iya riƙe labari har matafiyi ya iso ba, sai suka koma rige-rige da shi. Da Malam Idi ya rasu, ɗansa yana Kaduna, ni aka ce in kira shi a matsayina na abokin uba. Ban ce masa jiki ya yi zafi ba. Na tambaye shi ko akwai wani kusa da shi, na ce ya samu wuri ya zauna, sannan na gaya masa gaskiya kafin ya gani a wani wuri. Teburin yana nan a shago, da sauran yadudduka a ƙarƙashinsa. Nasiru ya zama mutumin Yamai, kuma a Matameye an daina ɓoye wa matafiyi mutuwa.